Bas ɗin Ƙarfe Shida

Bas ɗin ƙarfe shida ya iso Peterhead daga Aberdeen,
ya sauke mutum tara. Na ƙirga su.
Babu Jurgita.
Na bakwai da rabi ya kawo wata tsohuwa da karenta.
Na koma gida iskar teku na marin kunnena,
dunƙulen dankalin da na yini ina murzawa
ya sandare a tukunya, kitse ya yi masa farar hula.

Yarenmu ya zube mata tun tana firamare,
kamar haƙorin ƙuruciya, ba ta ma san ranar ba.
In ina son magana ta shige ta
sai da Turancin da nake tsinta ranar Talata
a ɗakin bayan laburare,
wurin Malama Ishbel mai tabarau a tsakar ka.

Na ɗauki waya, na rubuta: You should have come.
Na zuba masa ido.
Wannan yatsa ne, a miƙe, yana nuna goshi.
Muryar ubana ce a Klaipeda,
mutumin da bai taɓa tambaya ba,
sai dai ya yanke hukunci ya ja ƙofa.
Na goge.

You could have called.
Ya fi laushi a baki, amma da ƙaya a tsokarsa.
Cewa yake: hanya a buɗe take, waya na aljihunki,
ke ce ba ki ga dama ba.
Shekara goma sha ɗaya ina zare ƙaya daga kifi a kamfani
don kada ta maƙale wa wanda ban sani ba.
Ina ni ina aika wa 'yata guda?

Might have kuwa, Malama ta ja mana kunne:
baki biyu gare shi,
da ɗaya yana cewa wataƙila, da ɗayan yana gori,
a rubuce kuma ba a jin da wanne ya yi magana.

To, You were supposed to.
Nan laifi ya sauka daga kanta
ya hau kan alkawari, kan jadawalin da ke manne a tasha.
Sai dai haka manaja ke faɗa mini
in akwatuna ba su cika ba kafin a tashi.
Ban haifi ma'aikaciya ba.

Agogon murhu ya ce tara da kwata.
Ban kunna fitila ba.

Sai wani dare ya dawo mini, tana 'yar shekara tara,
an sa mata fuka-fukan kwali a wasan makaranta,
ni ina tsaye gaban injin ƙanƙara
ina tara kuɗin ƙarin awa.
Da na dawo ta yi barci da fiffike ɗaya a kafaɗa.
Da safe ba ta ce mini should ba, ba ta ce could ba.
Madara kawai ta miƙo mini.

Na cire You, na sa I.
Jimlar ba ta canza tsawo ba,
nauyinta ne ya dawo gefena na teburin,
na kasa ɗaga ta, balle in tura.

Abin da na aika a ƙarshe, ɗan aji ɗaya ma zai iya:
akwai abinci, yana kaiwa jibi.

Ina wanke cokali wayar ta yi haske.
I was going to, Dad.
Ba mu kai wannan shafin ba tukuna.
Ban sani ba ko uzuri ne, ko ƙafa ce da aka ɗaga
ba a kai ga saukewa ba.
Na kwafe shi a bayan rasit ɗin kanti,
ranar Talata zan nuna wa Malama Ishbel.
Tukunyar ba ta shiga firji ba sai da na cire kanta ɗaya.