Sunaye a Daren Ƙanƙara

A Inari, daren Talata, dusar ƙanƙara ta danne waya
har ta tsinke ta can bakin tafki.
Ƙaramin asibiti ne, gado shida, kwamfuta huɗu,
kowacce an raɗa mata sunan kifi.

Aulikki ta shigo da asuba, ta karkaɗe takalma,
ta tarar da Veikko, nas ɗin dare, yana hararar allo.
"Sakamakon jinin tsohuwar nan yana cikin hauki.
Ga hauki can, ina ganin fitilarta,
amma wannan ta rantse ba ta taɓa jin sunan ba."

Taku uku ne tsakaninsu.
Shekara biyar suna shaƙar ƙurar ɗaki ɗaya,
ashe duk sanda ɗaya za ta kira 'yar'uwarta
sai ta aika tambaya har Rovaniemi,
wata sabar can ta karanto mata lambar maƙwabciya.
Yau hanya ta toshe,
maƙwabta sun wayi gari baƙin juna.

Ba ta cire hula ba ta ja kujera.
Ta buga sudo, ta ba da kalmar sirri,
ta buɗe /etc/hosts,
ɗan fayil da bai kai tsawon tafin hannu ba.

Layin farko yana nan inda aka bar shi:
127.0.0.1, localhost.
Ko duniya ta yanke, na'ura ta san ƙofar ɗakinta.

Sai ta fara, da yatsun da sanyi ya ƙage,
lamba a hagu, tazara, suna a dama.
192.168.4.11, hauki.
Muikku ta biyo baya, sai firinta mai tari.
Ta aika ping.
Shiru.
Veikko ya ajiye mata kofi, bai ce uffan ba.
Ta sa tabarau, ta bi layin da farce:
inda za ta sa sha ɗaya, ta ƙara wani ɗaya.
Na'ura ba ta san "ai ka gane nufina" ba.

Ta gyara, ta leƙa nsswitch.conf,
ta ga an sa dns gaba da files.
Ta juya su: a tambayi na gida tukuna,
in bai sani ba, a tafi dawa.

Amsa ta dawo, ƙasa da ƙiftawar ido,
ta sake dawowa, ta sake,
kamar ɗigon ruwa daga indararo.
Veikko ya kwashi takarda ya yi ɗakin tsohuwa da sauri.

Har za ta rufe, idonta ya faɗa can ƙasa.
Wani layi, da alamar # a goshinsa:
siika, 192.168.4.2, kada a goge, Pentti.
An kai siika bola tun kafin a sake fenti,
Pentti kuwa hunturu uku ke nan yana ƙarƙashin itatuwa
bayan coci.
Layi mai wannan alama, na'ura tsallake shi take yi.
Mutum kaɗai ke karanta shi.

Ta san halin sunan da aka rubuta da hannu:
ran da lamba ta sauya, fayil ba zai ji labari ba,
zai ci gaba da nuna gidan da aka tashi.
Don haka ta sa tata alamar ƙarƙashin tasa,
ta rubuta kwanan wata,
ta ce a cire ukun nan in an ɗaura waya.

Na Pentti ba ta taɓa ba.
Ta adana, ta kurɓi kofin, ya riga ya huce.