Zabirar Jatau

A Jarwal, bene hawa na uku,
na baje takardun baladiyya kan tabarma.
Gobe jarrabawa.
Fanka na ɗaga kunnen shafi tana saki,
babana na gefe yana goga goro a magogi,
bai dube ni ba, amma kunnensa na wurina.

Reza ɗaya, kai ɗaya.
A ɓare ta gaban mai kan, ya gani da idonsa,
in an gama a jefa ta a rawayen akwati
mai bakin da ba ya mayar da abin da ya haɗiye.
Almakashi da mataji a wanke da sabulu tukuna,
magani ba ya ratsa dauɗa,
sannan a tsoma, a dubi agogo,
kada tsawon layi ya sa a tsame da wuri.
Mai makero a ba shi haƙuri,
a nuna masa hanyar asibiti.

"Shekara arba'in," in ji Jatau,
"aska guda nake kaiwa Mina.
Ta bi kan Baturke, ta bi kan ɗan Jawa,
ta sauka kan Bazazzagi, ba ta tambayi fasfo ba.
Tsakanin kai da kai, shafa biyu a fata.
In jini ya tsattso, ga alif, ga bismilla.
Wa ya taɓa kawo ƙara?"

Na yi shiru. Ɗa ba ya gyara wa uba riƙon aska.
Na juya shafi: ciwon hanta.
Abin da ido ba ya gani, in ji takarda,
yakan kwana bakwai cikin busasshen jini,
a bakin ƙarfe, yana jira.
Fata ba ta kore shi, alif bai dame shi ba.
Ya shiga jiki shiru, kamar gara cikin azara,
sai an shekara da shekaru
ido ya yi rawaya, ciki ya ɗauki ruwa.

Magogi ya tsaya.

"Sake karanta wannan."
Na sake.
Aka kira isha daga Harami, bai motsa ba.

"Ƙanena Bawa," ya ce da bango,
"duk Juma'a ni ke yi masa aski.
Sai na sallami 'yan kasuwa kaf,
shi ne na ƙarshe, don shi ba ya biya.
Da idonsa ya koma kamar gangamau
muka ce shawara ce, muka jiƙa masa saiwa.
Shekara sha tara ke nan da muka kai shi.
Kana ganin..."
Na ce, Baba, Allah ne masani.
Ba don in lallashe shi na faɗa ba,
takardar ma ba ta sani ba.

Da safe likita ta sa ni wanke hannu a gabanta,
tsakankanin yatsu, ƙarƙashin farce, har wuyan hannu,
kamar yaro ana koya masa alwala.
Ta buga hatimi. Hotona ya fito kamar mai laifi.

Na dawo na tarar ya ja kujera bakin taga,
ya tuɓe hula ya ɗora a gwiwa.
"Fara da ni."
Na sa safar hannu, na yage takardar reza,
ya karɓa ya ɗaga ta a haske, ya miƙo.
Furfura na zuba kan sabon ƙyalle
ya ce, ido rufe,
"Ƙarfen nasu ne. Riƙon dai nawa ne."

Da na gama, ya jawo zabira daga ƙarƙashin gado.
Askar na ciki, ya shafe ta da mai, ya naɗe da tsumma.
"Kada ka yar.
Kada kuma ta ƙara taɓa kan kowa."

Saura kwana sha ɗaya mu fita Mina.
Na sayi reza kwali shida.
Shi ya ƙirga, ya ce ba za ta isa ba.