Lamba Arba'in da Bakwai

Wutar da ta ci tudunmu a Valparaíso
abu uku ta bar mini:
shuɗiyar ƙofa, makulli, da tari.
Tarin ya gaji ya tafi.
Ƙofar na jingine ta a bayan gida shekara biyu,
lambarta na nan, arba'in da bakwai,
kamar mai jiran baƙo.

Eleuterio ne ya taso da zancen,
tsohon ɗan dako a tashar jiragen ruwa,
mai yatsu tara.
Ya ce, Fresia, ƙofar da ba ta rufe komai
ai katako ce kawai. Mu ba ta aiki.

Shi ya hawo da katakon dakon kaya a kafaɗa,
matakala ɗari da sittin, yana zagin kowace.
Jikin katakon duk hatimin ƙasashen da ba mu taɓa takawa ba,
wani na warin albasa, wani na man inji.
Ƙusoshi kuwa cikin toka na tono su,
gwangwanin madara biyu fal,
na zauna bakin dandamali ina miƙe su da guduma.
Wadda ta ƙi, na bar ta da halinta.
Ni ma ba duka na miƙe ba.

Kwanon rufin daga wata rusasshiyar makaranta ya fito,
huda shida gare shi.
Muka toshe biyar da kwalta,
ta shidan ya ce a bari,
kaza ma tana son ganin tauraro.
Ragar ta Baldomero ce, masunci,
ya ba ni a kan alkawarin ƙwai goma sha biyu
tun ban mallaki ko gashin kaza ba.
Tsohuwar taya muka yanka ta riƙe ƙofar.
Tumbin mataccen injin wanki ya zama gurbi,
na shimfiɗa ciyawa a ciki,
na ɗora rigar mijina mai ruwan toka,
wadda hannunta ɗaya ya ƙone.

Mun yi faɗa a kan kusurwa.
Ni so nake a ɗaure tamau.
Shi ya ce ƙasar nan ba ta iya zama wuri ɗaya ba,
abin da aka matse shi ke fara karyewa,
a bar masa ɗan wasa,
in ta girgiza su yi rawar tare.
Na yi shiru, ba don na yarda ba.
Zarton nasa ne.

Kwana tara muka yi.
Akurkin ya karkata hagu
kamar mai kasa kunne ga teku.

Kaji huɗu na sayo, jajaye uku
da wata baƙa mai wuya ba gashi.
Suka duba aikinmu da ido ɗaya,
suka juya suka duba da ɗayan,
sannan suka haye bishiyar lemun tsami suka kwana.
Dare biyar a jere.
Eleuterio ya yi ta dariya har haƙoran robarsa suka zame.

A na shida ruwa ya zo da iska daga teku.
Na fita da tocila, takalmi ƙafa ɗaya.
Bishiyar ba kowa.
Na tsaya gaban arba'in da bakwai,
ruwa na gangara mini ta wuya,
sai kawai na ga hannuna ya ɗaga da kansa
ya ƙwanƙwasa.
Daga ciki wata ta yi gunaguni,
irin na wanda aka tasa daga barci
a gidansa.

Da safe, ƙwai ɗaya a kan rigar,
da ɗuminsa, da ɗan kashi a gefe.
Na sauka da shi matakalar nan a tafin hannu.
Saura goma sha ɗaya, in ji Baldomero.

Makullin har yau yana aljihuna.
Ƙofar, da igiya nake ɗaure ta.