Kwalbar da Kaka Ta Kai Ƙasan Teku

A tsibirin Jeju, inda dutse ya yi baƙi kamar gawayi,
kakata Bu Gye-wol takan riga rana tashi.
Shekarunta saba'in da huɗu.
Ta shiga rigar danƙo, ta ja ta har wuya,
ta ɗaura ɗamarar dalma, kilo shida, a ƙugu.

Na ce, "Kaka, mai shiga ruwa
me ya haɗa shi da ƙarin kaya?"
Ta ce, "Rigar nan iska ce cikinta, Da-som.
In babu dalma, teku tofo ni zai yi
kamar yadda yake tofo busasshen duma.
Ruwa ba ya duban girman abu kaɗai,
abin da aka cusa a cikin girman yake tambaya.
Ga jirgin Busan can, ƙarfe zalla, yana tafe a sama.
Allurata da ta faɗi bara, har yau tana ƙasa."

Ni kuwa na zo da littafi a hammata
da abin da Malam Hyeon ya zana a allo:
iskar da ke bisa kanmu tana da nauyi,
mun saba da ita ne kawai, kamar yadda jaki ya saba da mangala.
Duk mita goma da mutum ya sauka a ruwa,
an sake aza masa wani nauyin irin wannan.
Na karanta mata da ƙarfi,
don kunnenta na hagu ya daɗe da yin murabus.

Ta yi dariya har haƙorin azurfarta ya fito.
"To, malaminku ya taɓa jiƙa gashin kansa?"

Na miƙa mata kwalbar roba, babu komai ciki sai iska,
na murɗe murfin tam.
Ta cusa ta a ɗamara, kusa da ƙarfen ɓamɓare katantanwa,
ta rungumi gorarta mai ruwan lemo,
ta yi iyo har bayan duwatsu.
Sai ƙafafu biyu a sama.
Sai babu.

Na ƙirga. Arba'in. Sittin.
Teku ya rufe bakinsa kamar bai ci kowa ba.
Tamanin da uku,
sannan na ji fiton nan nata, siriri, mai tsawo,
numfashin da ta riƙe bashi tana biya.

Da ta fito kan dutse, ruwa na tsiyaya,
ta ce, "Na gani.
Tun ban kai rabi ba ta fara ƙara a ƙuguna.
A ƙasa ta lotse, ta shige cikin kanta,
ba ta sama kaɗai ba, ta ko'ina,
kamar akwai hannu goma da ba ka gani."

Na karɓi kwalbar, na juya ta.
Ga ta cike da iskarta, sumul, sai ɗan layi a gefe.
Na ce, "Ai babu abin da ya same ta."

Ta tuɓe gilashin ido. Zobensa ya bar shata a fuskarta.
Ta haɗiye ƙwayar ciwon kai biyu ba ruwa.
"Haka ubanki yake cewa.
Shekara sittin ina sauka,
ƙirjina yana komawa rabi, kunnena yana kuka,
in hau, iska ta mayar da ni yadda nake,
in dafa muku miya.
Wanda ke bakin gaɓa, mai fitowa kawai yake gani."

Ta ɗaga ragar, ta kasa, ta sake gwadawa.
A cikin ruwa, in ji ta, ba ta kai nauyin kaza ba.
Na kama ɗaya kunnen.
Muka hau tudu, katantanwa na ƙara,
kwalbar tana aljihuna,
yatsana a kan layin.