Ƙwaya Uku

Sanyi ya riga kowa tarbata a tashar Phagwara,
sai kawun amarya, Tejwant, da rawani ruwan goro.
Ya cilla akwatina bayan tarakta
kamar buhun taki.
Hanya ta ratsa gonaki masu fure ruwan ɗorawa.
Na tambayi sunan shukar, ya ce sarso.
Da daddare na ci ganyenta da gurasar masara
da curin man shanu da ya fi ƙarfin cokali.

A kan rufin gidajen ƙauyen
tankunan ruwa ne masu siffar jirgin sama.
Navkiran ta ce, duk gidan da kika ga jirgi
ɗansu yana ƙetare.
Na ƙirga bakwai, na bari.

Kakarta ba ta jin ko kalma ɗaya tawa,
ni ma ban jin tata.
Ta kama haɓata, ta juya ni wajen haske,
ta ga ramata, ta ja tsaki,
ta cika kofin ƙarfe da kindirmo mai kauri.
Na shanye, ta ƙara.
Na dafa ciki, ta ƙara.
Ashe "na ƙoshi" ba ta da fassara a gidan nan.

Suka zaunar da ƙawata a kan guntun katako,
suka cuɗa ta da kurkum da mai
har ta koma kalar gonakin da muka wuce.
Ni ma aka miƙo mini kwanon.
Hannun nan da ya saba riƙe allura a ɗakin gwaji
sai ga shi yana rawa a goshinta.

Dare ya raba, goggonta ta aza tulu a ka,
fitilu na ci a bakinsa,
muka bi lungu-lungu muna tada masu barci,
ganga na dukan ƙirji.
Wata ta ingiza ni tsakiyar fili.
Ƙafata ta yi ta garinmu,
kafaɗata ta ari tasu,
mata suka yi ta shewa.

Da asuba Tejwant ya tsoma awarwaro a madara,
ja da fari, yana zura mata ɗaya-ɗaya,
idonta a rufe.
Ƙaton mutum, gemu har ƙirji,
bai iya sa na ƙarshe ba sai da ya goge ido.

A ɗakin ibadarsu na cire takalmi, na rufe kai.
Wannan kam ba sai an koya mini ba.
Sau huɗu suka kewaya Littafinsu,
tana riƙe da bakin mayafinsa,
ba gaggawa.
Na yi mata addu'a ta hanyar da na sani, a zuci.

'Yan mata suka sace takalmin ango
suka cusa a jakata,
don wa zai zargi baƙuwa?
Aka yi ciniki kamar a kasuwar shanu.
Rabona rupi ɗari biyar.

Sai yamma. Ganga ta yi shiru.
Navkiran ta tsaya a bakin ƙofa,
ta cika tafuka biyu da shinkafa,
ta watsa baya ta saman kai,
ba ta waiwaya ba.
Uwarta na biye, ta ware gyale tana tarewa.
Aka raɗa mini wai biyan abin da ta ci a gidan ne.
Wa ya taɓa biyan wannan bashi da tafi biyar?

Mota ta tashi.
Watan gobe kuma Toronto.
Rufin gidan nan ma zai sami nasa jirgin.

Kaka ta zauna a gadon igiya,
ta jawo ni kusa, ta shiga laluben ɗankwalina.
Ƙwaya uku ta samu a cikin naɗin.
Biyu ta ƙulle a bakin mayafinta.
Ɗaya ta sa a tafina,
ta naɗe yatsuna a kai,
ta faɗi wata magana.

Har yau ban nemi a fassara mini ba.