Tarin da Ke Waƙa ta Tara

Ƙanwarsa Tasalla ce ta kawo su
cikin gwangwanin madara,
kaset goma sha ɗaya, biyu sun yi fumfuna.
Ta ce, "Barau ya ce kada a zubar.
Bai faɗi abin da za a yi da su ba."

Na hau da su bene a Titin Gidan Zoo,
ɗakin da na manne wa kwalin ƙwai.
Na zura biro ina juya zaren
a hankali, kamar mai cire ƙaya a tafin yaro.

Labari ɗaya ne ya yanka gida tara:
daren ƙarshe na maigadin wata masaƙa a Bompai,
kowace waƙa awa guda,
daga datse ƙofa har kiran assalatu.
A bayan wani otal suka ɗauka, Sabon Gari,
shekarar tamanin da bakwai.
Gita na ihu kamar ƙarfe a hannun maƙeri,
Okoro na jibgar ganguna kamar sun ci masa bashi.
'Yan unguwa suka ce kiɗan aljanu.
Mahaifin Barau ya ce, "Ba da sunana ba."
Sai ya rataye gitar,
ya shekara talatin yana gyaran rediyo a Fagge,
yana sauraron muryoyin wasu.

Wata uku ina wankin sauti.
Na tsince shuu ɗin zare
kamar tsakuwa a shinkafa,
na kori gurnanin janareta,
na tono bes ɗin da laima ta binne.
Na aika a kira Okoro,
yanzu taya yake sayarwa a Ƙofar Ruwa,
kunne ɗaya ya mutu.
Ya juyo mai ran, ya saurara,
ya ce, "Yaro, ka wanke shi
har ban gane shi ba.
Ina ɗakin? Ina zafin ranar?"
Daren nan na mayar da rabin dattin.

Ta tara ba ta da baiti.
Gita minti biyu, tana lalube,
sai tari, sai kujera ta yi ƙara,
sai muryarsa nesa da makirfo:
"Ku bari, gobe ma ƙarasa."

Wani yaro ya ce zai buga sauran.
Wani ya ce kwamfuta na iya aron murya.
Ni dai na zagaye tarin a allo,
ɗan tudu kore, bai kai ƙwayar gero ba,
yatsana a kan madannin gogewa.

Tasalla na bayana, ban san ta shigo ba.
Ta ce, "Da wannan muke sanin ya dawo.
Tun daga zaure yake yin sa."

Na ɗage hannu.
Aka ɗauke wuta.
Muka zauna cikin duhu,
a ƙasa mai shayi na fasa ƙwai.