Kifi Mai Ƙiba

Ranar da aka wanke kasuwar kifi ta Chimbote da sabulu
shekarata tara.
Kakata Zoila na kankare ɓawon kifi a kan katako,
sai ga Nicanor mai baro a guje, yana haki:
"Ku ɓoye bokitan kayan ciki! Pez gordo na tafe!"
A bakinmu, kifi mai ƙiba ke nan.

Na yar da wuƙa na ruga bakin teku.
Kwale-kwale goma sha ɗaya na ƙirga,
ina jiran wanda zai shigo a karkace don nauyi,
ina lissafin ƙarti nawa za su ɗaga shi,
ko ma sikelin Don Fermín zai iya da shi.
Ni da kwasakwasa muka yi ta zuba ido.

Rana ta take tsaka, ba kifi ba labarinsa.
Sai baƙaƙen motoci uku,
da wani ɗan siririn mutum, takalminsa kamar madubi,
ya toshe hanci da farin hankici.
Ya yanke jan ƙyalle a ƙofar sabon gidan ƙanƙara,
aka tafa, ya duba agogo, ya juya.

Na ce, "Kaka, ina kifin?"
Ta yi dariya har ta ɓarar da gishiri.
"Ai shi kika gani."
"To ina ƙibar?"
"Ba a jiki take ba, 'yar nan.
Tana cikin biron da ke aljihun rigarsa."

Tun daga ranar nake kasa kunne ga kalmar.
Ba a faɗa wa mai ita ido da ido.
A gabansa sai yallaɓai, sai cire hula.
Kalma ce ta bayan ƙeya, ta ƙasa-ƙasa,
rabinta girmamawa, rabinta tsaki.
Akan laƙaba ta ga mai jiragen ruwa ashirin,
ga wanda sa hannunsa ke buɗe lokacin su, ya rufe shi,
ga wanda bai san tsawon layin asibiti ba.

Ban taɓa jin an kira Malama Teodosia da ita ba,
ita da ta koya wa rabin unguwa karatu,
ko Nicanor, da ya tsamo yara biyu daga bakin igiyar ruwa
ya koma turin baronsa da jiƙaƙƙen wando.
Su mutanen kirki ne kurum,
kirki kuwa a ƙafa yake zuwa.

Rediyo ma na son kalmar.
Duk ran da aka yi kame sai mu ji:
an cafke ƙanana, masu ƙiba sun sulale.
Kakata ta kan ɗaga ragar da take ɗinki ta leƙa ta huda:
"Wace irin raga ce ke riƙe ɗan tsito
ta saki ƙato?
Tamu dai ba haka aka saƙa ta ba."

Yau shekara arba'in da ɗoriya.
Kaka ta kwanta dama, sikelin Don Fermín ya yi tsatsa.
Teburi uku gare ni,
makullin gidan ƙanƙara a wuyana yake kwana,
ni ke rubuta wa za a ba wuri, wa zai jira baɗi.

Shekaranjiya da asuba na shigo kasuwa,
na ji wata yarinya mai guntun gashi
ta zunguri ƙanwarta da gwiwar hannu:
"Gyara tsayuwa, ga kifi mai ƙiba nan."

Na waiwaya in ga wanda ya shigo.
Ƙofa ce kawai, da wani kare yana lasar siminti.

Na dubi hannuwana: ɓawon kifi na nan a ƙarƙashin farce,
ƙarnin da sabulu ya gaza na nan.
Na so in ce mata ta yi kuskure.
Sai na kai hannu aljihun riga,
na ji biron.